Waiwaye: Yadda yatsu suka sami gurbi a ajin lissafi

Duk wanda ya yi firamare ya san yaron da ke ɓoye hannu ƙarƙashin benci yana ƙirga yatsu, don kada malam ya gani ya kira shi daƙiƙi. Alhali shekara ɗari ke nan da likitoci suka fara zargin cewa yatsa da lamba maƙwabta ne a cikin ƙwaƙwalwa.

A asibiti zancen ya faro. A 1924 wani likitan jijiyoyi a birnin Biyana, Josef Gerstmann, ya ba da labarin wata mata da ciwon ƙwaƙwalwa ya sa ta kasa tantance yatsun hannunta. Zuwa 1940 ya tattara alamomi huɗu da kan zo tare idan wani sashe na hagun ƙwaƙwalwa, can sama da kunne ta baya, ya lalace: kasa bambance yatsu, kasa lissafi, kasa rubutu, da rikita dama da hagu. Har yau da sunansa ake kiran ciwon.

Maria Montessori, masaniyar koyar da yara 'yar ƙasar Italiya, ba ta jira wannan ba. Tun 1907 a makarantarta ta Roma take koyar da yara ta hanyar taɓa abubuwa, har ta kai ga sanduna da duwatsun ado na ƙirga. Malamanmu masu sa a zo da tsakuwa da murafun kwalba hanyarta suke bi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Inda abin ya fi ƙayatar da ni shi ne aikin Susan Goldin-Meadow ta Jami'ar Chicago. Ita ba ƙirgen yatsu ta duba ba, motsin hannun da yaro ke yi yana bayani ta sa wa ido. A 1986 ita da abokiyar aikinta suka lura cewa wani yaron bakinsa na faɗin abu ɗaya, hannunsa kuma na nuna wani daban, kuma irinsa ne ya fi saurin ganewa da zarar an koya masa. A 2009 suka juya gwajin. Aka ba yara lissafi irin 4+3+6=__+6, aka koya wa wasu su nuna lambobi biyun farko da yatsu biyu, sannan su nuna gurbin. Babu wanda ya ce musu su haɗa lambobin, amma sai ga shi sun fi sauran kama dabarar.

Hoton ƙwaƙwalwa ya zo daga baya. A 2015 Ilaria Berteletti da James Booth suka ga sashen da ke kula da yatsu yana aiki lokacin da yara ke lissafin ɗebewa, ko da hannunsu na ajiye.

Sai dai kada a zaƙe. Wasu binciken sun samu cewa iya tantance yatsu kaɗai ba ya nuna wanda zai ƙware a lissafi sosai. Hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen ƙirgen kansa: a 2024 tawagar Catherine Thevenot ta Jami'ar Lausanne ta koya wa yara 'yan shekara biyar zuwa shida ƙirga da yatsu, suka zarce waɗanda ba a koya wa ba a lissafin tarawa.