Waiwaye: Wa ke biyan lauyan baƙon da Amurka za ta kora?

A duk shari'ar da ake yi a kotun shige da fice ta Amurka, gwamnati na turo lauyanta. Wanda ake neman tasa ƙeyarsa kuwa, in yana da kuɗi ya ɗauki nasa, in ba shi da su ya kare kansa da bakinsa, ko bai iya Turanci ba, ko yaro ne ɗan shekara biyar. Dokar shige da fice ta 1952 ta ba baƙo damar zuwa da lauya, amma da sharaɗin gwamnati ba za ta kashe ko sisi a kansa ba. Tun kafin a rubuta wannan doka, coci-coci da ƙungiyoyin agaji da gidauniyoyin masu hannu da shuni da lauyoyi 'yan sa-kai ne ke ɗauke da nauyin, kuma yau kusan shekara 150 ke nan ba su iya kaiwa ga kowa ba.

Abin ya faro ne daga baƙi su da kansu. A 1876 wasu Jamusawa da suka yi ƙarfi a birnin New York suka kafa ƙungiya don kare 'yan uwansu sababbin zuwa, waɗanda masu gidajen haya da iyayen gida a wurin aiki ke cuta saboda ba su san gari ba. Edward Salomon, tsohon gwamnan jihar Wisconsin, shi ya fara shugabantar ta. Yawancin ƙararrakin farko na kuɗin ƙwadago ne da aka hana mai shi. Daga baya aka buɗe ƙofa ga kowane talaka, ƙungiyar ta koma Legal Aid Society, wadda har gobe tana aiki. Yahudawan da ke gudowa daga Rasha da gabashin Turai su ma suka yi nasu tanadin. Ƙungiyar HIAS ta ajiye wakilai a tsibirin Ellis, inda ake tantance masu sauka daga jirgin ruwa, suna yin tafinta, suna kuma ɗaukaka ƙara in jami'i ya ce a mayar da mutum inda ya fito.

Dalilin da ya sa gwamnati ta zare hannunta yana cikin wani hukunci na 1893. Majalisa ta yi doka a 1892 cewa kowane lebura ɗan China ya riƙa yawo da takardar shaidar zama, wanda aka kama babu ita a kore shi. Wani mai suna Fong Yue Ting da wasu mutum biyu suka kai maganar Kotun Ƙoli. Kotun ta ce kora daga ƙasa ba horo ba ce a kan wani laifi, mataki ne na mulki kawai, don haka kariyar da tsarin mulki ya tanadar wa wanda ake tuhuma da laifi ba ta shafi wanda za a kora ba. Akwai alƙalan da ba su yarda ba tun a ranar, kuma a 1922 Mai shari'a Louis Brandeis ya rubuta cewa kora na iya raba mutum da duk abin da ke sa rayuwa ta yi daɗi. Duk da haka hukuncin 1893 ne ya zauna.

Illarsa ta fito fili shekara 70 bayan nan. Clarence Gideon, wani talaka da aka ɗaure a Florida bisa zargin fasa wani gidan wasa, ya rubuta wa Kotun Ƙoli takarda da fensir daga kurkuku yana kukan an yi masa shari'a babu lauya. A 1963 kotun ta ce dole jiha ta ba wanda ake tuhuma da babban laifi lauya in ba shi da halin ɗauka. Aka sake shari'ar da lauya, aka wanke shi. Daga nan ɓarawo ya samu lauyan gwamnati, mai kisan kai ya samu, amma matar da ta gudo daga yaƙi ba ta samu ba, tunda a idon doka ba laifi ake tuhumar ta da shi ba. Tsohuwar alƙaliyar kotun shige da fice a San Francisco, Dana Leigh Marks, ta sha faɗin cewa shari'un rai da mutuwa suke yankewa a zaure irin na masu karya dokar hanya.

A 1974, zamanin Shugaba Nixon, aka kafa Legal Services Corporation don ba talakawa lauya kyauta a shari'un da ba na laifi ba. An so ta zama mafita, sai majalisa ta yi ta ɗaure mata hannu. A farkon shekarun 1980 aka hana amfani da kuɗinta wajen kare marasa takardu, a 1996 kuma aka ƙara tsanantawa: ofishin da ya karɓi kuɗin hukumar ba zai kare irin waɗannan baƙi ba ko da kuɗin da ya samo daga wani wuri daban, in ban da 'yan rukunai kaɗan kamar waɗanda aka ci zarafinsu. Ma'ana, mai son taimakon baƙon haure sai ya kafa ƙungiyarsa daban, ya nemi kuɗinsa daban.

Shekarun 1980 ne suka haifar da yawancin ƙungiyoyin da ake ji da su yau. Yaƙin basasa ya yi ƙamari a El Salvador da Guatemala, mutane suka yi ta kwarara arewa. Amurka ta riga ta yi dokar 'yan gudun hijira a 1980, amma gwamnatin Reagan na goyon bayan hukumomin ƙasashen biyu, kuma ba wa mutanensu mafaka tamkar amincewa ne cewa abokan nata na kisa. Cikin 'yan El Salvador ɗari da suka nemi mafaka, waɗanda aka ba ba su kai 3 ba, na Guatemala ma sun fi haka ƙaranci. A watan Maris na 1982 wani limamin coci a Tucson ta jihar Arizona, John Fife, ya shelanta cewa cocinsa mafaka ce ga masu gudun, coci-coci da wuraren ibadar Yahudawa ɗaruruwa suka bi sahu. Gwamnati ta tura 'yan leƙen asiri cikinsu, a 1986 kotu ta samu mutum 8 da laifi, har da Fife. Amma ɓoye mutum a ɗakin ibada ba ya ba shi takarda, masu wannan aiki kuma sun gane haka da wuri. Ƙungiyoyin addini suka haɗu da lauyoyi suka maka gwamnati a kotu kan nuna bambanci, a 1991 aka yi sulhu wanda ya ba dubban ɗaruruwan mutanen ƙasashen biyu damar a sake duba buƙatarsu. A tsakanin nan ne dokar afuwa ta 1986 ta halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7, kowannensu da takardun da za a cike masa. Limaman Katolika suka kafa CLINIC a 1988 don haɗa kan ofisoshinsu na taimakon shari'a, ƙungiyar RAICES mai taimaka wa baƙi a shari'a ta tsiro a San Antonio ta jihar Texas a 1986, a 1989 kuma aka kafa Florence Project a wani ƙaramin gari na Arizona mai cike da gidajen tsare mutane.

Maganar gidan tsarewa ita ce ƙashin bayan matsalar. Ana gina waɗannan gidaje a ƙauyukan Louisiana da Georgia da kudancin Texas, tafiyar sa'o'i daga birnin da lauya yake. Wanda aka tsare ba ya aiki balle ya tara kuɗi, ba ya iya zuwa neman takardar asibiti ko shaidar da za ta tabbatar da labarinsa. Dokar 1996 da Shugaba Clinton ya sa wa hannu ta faɗaɗa tsarewar sosai. Wani bincike da Ingrid Eagly da Steven Shafer suka wallafa a 2015, bayan sun bi shari'u sama da miliyan 1.2 na tsakanin 2007 da 2012, ya gano kashi 37 cikin ɗari ne kawai ke da lauya, cikin waɗanda ke tsare kuwa kashi 14. A zaman neman beli, kashi 44 na masu lauya sun fita, marasa lauya kashi 11. Dokar ɗaya ce, alƙalan su ne dai, bambancin shi ne ko akwai wanda ya san wace takarda za a miƙa, kuma yaushe.

Yara ne suka fi tayar da hankalin jama'a. A 2008 kamfanin Microsoft da 'yar fim Angelina Jolie suka kafa KIND, wadda ke haɗa yaran da suka tsallako iyaka su kaɗai da lauyoyin manyan kamfanoni masu aikin sa-kai. A shekarar ce majalisa ta yi dokar da ta ce gwamnati ta nema wa irin waɗannan yara lauya gwargwadon iko, kalmomin da suka bar mata ƙofar zillewa. Da aka kai ƙara kan batun, wani babban alƙalin shige da fice, Jack Weil, ya ba da shaida cewa shi ya koya wa 'yan shekara uku da huɗu dokar shige da fice, wai sai dai abin na buƙatar haƙuri. Maganar ta fito a jaridu a 2016. Duk wanda ya taɓa rainon ɗan shekara uku zai iya yanke wa wannan shaida hukunci da kansa.

Gwajin da ya fi ma'ana a ganina a New York aka yi shi. Robert Katzmann, alƙalin kotun ɗaukaka ƙara wanda mahaifinsa ya tsere daga Jamus ta 'yan Nazi, ya gaji da ganin shari'un da suka lalace tun daga tushe saboda rashin lauya ko lauyan banza. Ya tara masana suka yi nazari, a 2013 majalisar birnin ta ware dala 500,000 don gwada ba kowane talaka da ke tsare lauya, ba tare da an zaɓi mai ƙarfin hujja an bar mai rauni ba. Cibiyar Vera mai bincike kan harkar shari'a ta auna sakamakon a 2017, ta ƙiyasta cewa masu yin nasara sun tashi daga kashi 4 zuwa 48 cikin ɗari. Katzmann ya kuma kafa Immigrant Justice Corps a 2014 da tallafin gidauniyar Robin Hood don horar da matasan lauyoyi. Darasin shi ne kuɗin agaji sun fi amfani wajen gwada abu da nuna yana aiki, ɗorewarsa kuwa sai da kasafin hukuma. Birane da jihohi da dama sun kwaikwaya, amma jihohin da suka fi yawan gidajen tsarewa ba sa cikinsu.

Sai kuma lokacin da kuɗi suka zubo kamar da bakin ƙwarya. A Janairun 2017, da Shugaba Trump ya hana mutanen ƙasashe 7 masu rinjayen Musulmi shiga, har da Sudan, lauyoyi suka cika filayen jirgin sama suna zaune a ƙasa da kwamfutocinsu, ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta tara dala miliyan 24 a ƙarshen mako guda. A Yunin 2018, da aka riƙa raba yara da iyayensu a kan iyaka, wasu ma'aurata a California suka buɗe asusu a Facebook da nufin tara dala 1,500, kuɗin belin mutum ɗaya. Abin da ya shigo ya haura dala miliyan 20, ya tafi ga RAICES. An fitar da mutane da yawa da waɗannan kuɗi, babu mai musun haka. Sai dai mai ba da sadaka hoton da ya gani jiya ne ke motsa shi, shari'ar neman mafaka kuwa takan ɗauki shekaru, a kotunan da ƙararrakin da ke jiran su suka haura miliyan 3 a ƙarshen 2023. Lauyan da aka ɗauka aiki da kuɗin shekarar tausayi zai ci gaba da neman albashi a shekarar da aka manta.

Ƙari a kan haka, kaso mai tsoka na abin da ake ɗauka agaji ne, kwangilar gwamnati ce da ake bi ta hannun ƙungiyoyi. Daga 2003 zuwa 2025 Ma'aikatar Shari'a ta riƙa biyan su don su yi wa tsararru bayanin haƙƙinsu, bayani kawai ba tsaya musu a kotu ba. Kuɗin lauyoyin yara ma daga aljihun gwamnati suke fitowa. A Maris na 2025 gwamnatin Trump ta yanke kwangilar da ke ɗaukar nauyin lauyoyin yara kusan 26,000, sai da wata alƙaliyar tarayya a California ta ba da umarnin a maido da kuɗin. Babu gidauniyar da ta fito ta ce za ta iya ɗaukar wannan kaya ita kaɗai.

Mutanen Afirka ta Yamma sun shigo wannan layi da yawa tun 2023, lokacin da matasa daga Senegal da Muritaniya da Gini suka gano hanyar sauka a Nicaragua su bi ta ƙasa zuwa iyakar Mexico. Da yawansu New York suka nufa, inda masallatan Bronx da Harlem suka zama masauki na farko. Ƙungiyoyi irin su African Services Committee, wadda 'yan gudun hijirar Habasha suka kafa a 1981, da African Communities Together, su ne ke faɗi-tashin haɗa su da lauya, a tsarin da aka gina shi galibi don masu jin Sifaniyanci, inda samun tafintan Fulatanci ko Wolof ko Hausa kan jawo ɗage zama. Dokar 1996 ta ce mai neman mafaka ya shigar da takardarsa cikin shekara guda da isowarsa, ƙa'idar da sabon zuwa ba kasafai yake jin labarinta ba sai lokaci ya ƙure. Wanda bai samu gurbi a ofishin kyauta ba yakan faɗa hannun masu cike takardu na unguwa, waɗanda ba lauyoyi ba ne, su karɓi kuɗinsa su rubuta masa labarin da suka riga suka rubuta wa wasu, alhali dokar ta tanadi cewa wanda alƙali ya samu ya ƙirƙiri ƙarya da gangan a takardar neman mafaka ba zai ƙara samun izinin zama ba har abada.