Sadarwa tsakanin abokan aiki

Sadarwa tsakanin abokan aiki ita ce yadda mutanen da aiki ɗaya ya haɗa suke isar wa juna umarni, labari, tambaya da gyara, tare da tabbatar da cewa abin da aka faɗa shi aka ji. Ta shafi ma'aikatan buro a Yamai, da likita da ungozoma a ɗakin haihuwa, har da masu lodin albasa a Galmi ta jihar Tawa. Muhimman ɗabi'unta biyu ne: maimaita saƙo, da ba ƙarami damar magana gaban babba.

Maimaita saƙo

Wannan ɗabi'a ta yi ƙarfi ne a harkar jiragen sama. Ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka rasu. Akwai hazo mai kauri, kuma matuƙin ɗaya jirgin ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, amma matuƙin ya amsa masa da tabbaci ya ci gaba. Bayan wannan hatsari aka tsaurara kalmomin da ake amfani da su a rediyon jirgi, aka kuma fara horar da ma'aikatan jirgi kan yadda na ƙasa zai ja hankalin na sama. Daga baya asibitoci suka ari tsarin: mai karɓar umarni ya faɗe shi da bakinsa, mai bayarwa ya ce haka ne.

A ƙasar Hausa inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "to". Tana iya nufin na yarda, ko na ji, ko kuwa ladabi ne kawai ga wanda ba a so a yi musu da shi. Shugaban da ya ce wa direba ya kai kaya Konni gobe da sassafe, direba ya ce "to, ranka ya daɗe", bai samu tabbacin komai ba tukuna. Sai direban ya faɗi wane kaya, wurin wa, ƙarfe nawa.

Kunya da girma

A 1999 Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta wallafa bincike da ya nuna cewa rukunin ma'aikatan da mutum ke iya yin tambaya ko amsa kuskurensa ba tare da tsoron wulaƙanci ba sun fi saurin koyo da gyara. Tarbiyyar gida kuwa ta koya wa yaro kada ya katse babba, kada ya haɗa ido da shi. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a ɗakin tiyata tana iya sa ma'aikaciyar jinya ta ga kuskure ta yi gum. Shi ya sa jerin abubuwan da ake dubawa a lokacin tiyata, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya tanadi cewa kafin a sa wuƙa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya, na biyu ba ya yi masa nauyi sosai.

Al'ada ma tana da nata hanyoyin. Ana aika magana ta bakin dattijon da shugaba ke jin kunyarsa. Ana keɓe mutum a yi masa gyara, tunda gyaran bainar jama'a tozarci ake ɗaukarsa, kuma wanda aka tozarta yakan daina kawo labari. Akwai kuma taubasantaka, wasan barkwancin da ke tsakanin dangi da ƙabilun Nijar, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014. Taubashi kan faɗa wa shugaba gaskiya cikin raha, a yi dariya, saƙo ya isa. Illar waɗannan hanyoyi ita ce jinkiri, don lamarin gaggawa ba ya jiran a zauna shan shayi.

Harshe, lissafi da waya

A buro ɗaya a Yamai ana iya rubuta takarda da Faransanci, a tattauna ta da Hausa ko Zabarmanci. Kundin da hukumomin Nijar suka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A kowane juyi daga harshe zuwa harshe wani abu na iya zubewa, musamman kuɗi. Bahaushe da dala yake ƙirga sefa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Wanda ya ce "ɗari" a kasuwa sefa 500 yake nufi, mai rubutawa da Faransanci kuwa yana iya sa 100. Maganin abin shi ne a rubuta adadi da lambobi, a karanta wa juna.

Saƙon murya na WhatsApp ya sauƙaƙa wa waɗanda karatun boko bai wadace su ba, kuma yana ɗauke da gaisuwa da lafazin mai magana. Sai dai nemo magana guda cikin saƙonnin mako biyu wahala ne, doguwar gaisuwa kuma takan binne abin da ake son faɗa. Saboda haka wasu wuraren aiki kan bi saƙon murya da ɗan gajeren rubutu mai ɗauke da rana, adadi da sunan wanda aikin ke wuyansa. Haka ake yi wajen miƙa aiki tsakanin masu kwana da masu safe a asibiti: a faɗa da baki a gaban gadon majinyaci, sannan a sa a littafi.