Horon ɗalibai a hidimar tsofaffi da kare musu haƙƙi

Wannan wani tsari ne da jami'a ke tura ɗalibi ya yi watanni a wata hukuma ko ƙungiya mai hidimar tsofaffi, yana aiki yana koyo a ƙarƙashin wanda ya goge, kuma ana sa masa maki kamar kowane kwas. Yawanci ɗaliban fannin jin daɗin jama'a ne, sai ɗaiɗaiku daga masu karatun jinya da lafiyar al'umma da shari'a. A Amurka abin ya fi kafuwa, can hukumar CSWE mai tantance irin wannan karatu ta ce dole mai digirin farko ya yi aƙalla awa 400 a fagen aiki, mai digiri na biyu kuwa awa 900, in bai cika ba babu zancen shahada.

Wuraren da ake tura su ɗin galibi doka ce ta haife su. A 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar tsofaffin Amurka wadda ta tanadi hidimomi ga waɗanda suka kai shekara 60, a 1973 aka yi mata gyara aka kafa ofisoshin tsofaffi na yanki yanki, sai a 1978 aka wajabta wa kowace jiha ta samar da mai karɓar koken mazauna gidajen jinyar tsofaffi, wanda suke kira ombudsman, kalmar daga Suwidin aka aro ta. Akwai kuma masu kai dafaffen abinci har ƙofar gida, wato Meals on Wheels, da aka faro a Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu kafin ya isa birnin Filadelfiya na Amurka a 1954.

Aikin iri biyu ne. Na farko fita nemo mutane, domin tsohon da ya fi buƙata shi ne ba ya zuwa ofis, ƙafa ta ƙi, ko kunne ya yi nauyi waya ba ta yiwuwa, ko kuma kawai kunya ta hana shi faɗa. Ɗalibi zai bi mai kai abinci ko ya je cibiyar da tsofaffi ke taruwa ya zauna, sai ka ga an tarar da tsohuwa da tulin wasiƙu a kan tebur ko buɗewa ba ta yi ba saboda rubutun ƙanana ne, a ciki har da wadda ke cewa za a yanke mata wani tallafi in ba ta cike fom ba. Zama a karanta mata ɗaya bayan ɗaya, a buga waya a jira a layi kusan rabin awa, wannan shi ne rabin aikin gaskiya, kuma ya fi tsanani daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba lokacin da masu Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, ke da damar canza tsarinsu.

Na biyu shi ne tsaya musu. A gidan jinya koke-koken ba sa wuce an danna ƙararrawa ba wanda ya zo, abinci ya huce, kaya sun ɓace, sai kuma babban cikinsu wato a ba mutum takardar sallama ba da son ransa ba. Wata dokar Amurka ta 1987 ta zayyana haƙƙoƙin mazauna waɗannan gidaje, amma ƙa'idar da ke ba sabon ɗalibi wahala ita ce ba ya kai ƙara sai mai abin ya yarda. Tsoho zai gaya maka abin da ake masa sannan ya ce kar ka faɗa wa kowa don gobe ma hannun ma'aikacin nan zai koma, kai kuma jininka na tafasa, to nan fa ake gane wanda ya koyi aikin.

Tsarin yana da nasa matsaloli. Mafi yawan guraben ba a biyan ko sisi alhali ɗalibi na biyan kuɗin makaranta a kan waɗannan awoyi, abin da ya sa suka daɗe suna ƙorafi. Sannan da tsoho ya fara sabawa da fuska sai zangon karatu ya ƙare a kawo wata.

Wasu wuraren sun bi ta wata hanya, kamar gidan tsofaffi na Humanitas a garin Deventer na ƙasar Holan inda ɗalibai ke samun ɗaki kyauta su kuma su ba da awa 30 a wata suna zama da maƙwabtansu tsofaffi, ko da yake wannan maƙwabtaka ce ba kwas ba. A Najeriya akwai cibiyar tsofaffi ta ƙasa a Abuja da ta fara aiki a 2021, sai dai a ƙasar Hausa tsoho a gida yake cikin 'ya'ya da jikoki, don haka ɗalibin da aka tura irin wannan aiki sai ya bi ta hannun mai unguwa, ya yi sallama a zaure, ya jira a yi masa iso.