Waldar alminiyon da ƙaramin injin MIG

Waldar MIG hanya ce ta haɗa ƙarafa inda inji ke turo siririyar waya daga nannaɗe, wutar lantarki ta narkar da ita a bakin aiki, iskar gas kuma ta lulluɓe wurin don kada iskar waje ta gurɓata narkakken ƙarfen. Ƙananan injunan da ake jonawa da wutar gida mai bolt 220 an tsara yawancinsu ne don baƙin ƙarfe, amma suna iya ɗaukar alminiyon idan an sauya musu wasu kaya.

Tarihi

Alminiyon ya fi waldarsa tsufa nesa. A 1886 Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a gefensa, suka gano yadda ake tace shi da lantarki, farashinsa ya faɗi warwas. Haɗa shi kuwa ya daɗe yana ba maƙera wahala, shi ya sa jiragen sama na farko da aka ƙera da alminiyon da ƙusoshin ribiti ake ɗinke jikinsu. A farkon shekarun 1940 Russell Meredith na kamfanin Northrop ya fito da waldar TIG, wadda ke amfani da tsinken tungsten da gas ɗin hiliyom. Aikinta na da tsabta, sai dai jinkiri. Wajen 1948 aka kammala MIG a cibiyar Battelle da ke Amurka, kuma don alminiyon da dangoginsa aka fara yin ta. Sai a 1953, da masana a Tarayyar Sobiyet suka nuna ana iya amfani da gas ɗin kabon dayoksaid mai araha, ta koma kan baƙin ƙarfe, har yau mutane da yawa suke ɗauka don shi aka ƙirƙire ta.

A Kamaru, masana'antar Alucam ta fara narka alminiyon a Edeya a 1957 da wutar kogin Sanaga. Akwai ma'adinin boksayit, wanda daga shi ake samun alminiyon, mai yawa a Minim-Martap da Ngaundal, jihar Adamawa ta Kamaru.

Halin ƙarfen

Alminiyon na narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salsiyos, amma siririn ɓawon da ke rufe fuskarsa sai ya haura digiri 2,000. Dole a kankare ɓawon da burushin sitenles wanda bai taɓa shafar baƙin ƙarfe ba, bayan an goge maiƙo da asiton. Yana kwashe zafi da sauri, kuma ba ya yin ja kafin ya narke; wanda ya saba da waldar ƙofa da taga na baƙin ƙarfe sai kawai ya ga rami.

Kayan aiki

Gas ɗin argon zalla ake sawa, gaurayen gas ɗin da ake waldar baƙin ƙarfe da shi ba ya yi. Waya iri biyu ta fi yawa: 4043 mai silikon, mai saurin malala, da 5356 mai magniziyom, wadda ta fi tauri. Wayar tana da laushi, takan cukurkuɗe a bakin tayoyin da ke tura ta, don haka ake sa bututun Teflon mai santsi da wayar za ta bi, a miƙe igiyar, ko a sayi bindiga, wato kan waldar da ake riƙewa a hannu, mai ɗauke da ƙaramin nannaɗe a jikinta. Tura bindigar gaba ake yi, ba ja ba. Falle mai kauri ƙasa da milimita 2 yakan huje, mai kauri sosai kuma ya fi ƙarfin injin.

Masu sana'a sun saɓa kan ɗumama ƙarfen kafin a fara.

Amfani a arewa

A Garwa, Marwa da Kuseri na arewacin Kamaru, da Njamena ta Chadi, waldar sanda ce ta mamaye bakin titi. Alminiyon da ake kawowa gyara galibi murfin injin babur ne da sassan mota, waɗanda mai ya jiƙa su, sai waldar ta fito da ƙananan ramuka. Iskar hunturu na kore gas ɗin, dole a yi aikin a cikin rumfa mai kariya, ga kuma ɗaukewar wuta idan ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo mai ba arewacin Kamaru lantarki. Tukwanen da ake yi da tarkacen alminiyon zubi ne cikin yashi, ba walda ba.