Kiwon kifin shak da kunamar ruwa a tankin gida

Kifin shak da kunamar ruwa (wani kifi mai faɗi da ƙaya mai dafi a wutsiya) dangin juna ne, jikinsu guringuntsi ne babu ƙashi. Masana sun ƙidaya shak fiye da iri 500, dangin kunamar ruwa kuwa sun haura 600, amma 'yan kaɗan ne daga cikinsu ke iya rayuwa a tankin gilashi na ruwan gishiri.

Tarihi

Ajiye halittun teku a gida ya samo asali ne daga Ingila. Wajen 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta riƙe murjani da ransa a gidanta na Landan, tana juye ruwan daga mazubi zuwa mazubi don ya sha iska. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye ga jama'a, kuma littafin Philip Henry Gosse na 1854 ya sa masu hali suka rungumi abin. A lokacin galibi dakon ruwa ake yi daga bakin teku. Gishirin da ake haɗawa a masana'anta, wanda ya yaɗu wajen shekarun 1960, shi ya ba mazauna nesa da teku dama.

Irin da ake kiwo

An fi kiwon ƙananan shak masu kwanciya a ƙasan ruwa, kamar Chiloscyllium punctatum da Hemiscyllium ocellatum na arewacin Ostireliya, wanda ke takawa da fikafikansa a kan duwatsu. Tsawonsu ya kai kusan mita 1. Sukan zo kasuwa a cikin ƙwai, kwanso mai tauri launin ƙasa-ƙasa, wanda idan aka haska shi da tocila ana ganin ɗan kifin yana motsi a ciki. Shak mai suna Ginglymostoma cirratum kuwa ana sayar da shi yana ƙarami, ya girma har mita 3, ba tankin gidan da zai ɗauke shi.

Kulawa

Faɗin tanki ya fi zurfinsa muhimmanci, kuma babban kifi yana buƙatar ɗaruruwan litoci, sau da yawa fiye da 1,000. Ana sa gishiri giram 35 a kowace lita, a riƙe ɗumin ruwa wajen digiri 24 zuwa 26. Gishirin miya ba ya yi. Kunamar ruwa tana binne kanta, don haka sai yashi mai laushi. Tsakuwa takan kuje mata ciki, ciwon ya ruɓe. Maganin kifi mai jan ƙarfe guba ne gare su, ƙarancin ayodin a abinci kuma yana jawo musu maƙoƙo. A hancinsu akwai ƙananan kafofi masu jin lantarki, shi ya sa famfon da wayarsa ta sale yake hana su ci.

A Zariya

Kiwon kifin da aka sani a Zariya na tarwada ne da karfasa. Mai son shak zai yi fama da zafin Maris da Afrilu, wanda ke neman na'urar sanyaya ruwa, sannan hunturu ya zo yana shanye ruwa yana barin gishiri, sai an ƙara tataccen ruwa kullum. Babbar matsalar ita ce wuta. Famfo ya tsaya na 'yan sa'o'i iska ta ƙare a ruwan, ƙwayoyin bakteriya da ke cinye dattin kifi a matatar ruwan su mutu, don haka babu kiwon sai da sola ko janareto.

Saɓani

Wasu masana na ganin kunamar ruwa mai ɗigon shuɗi, Taeniura lymma, bai kamata a sayar da ita ba, domin ba kasafai take daɗewa a tanki ba. Ta kogin Binuwai, Fontitrygon garouaensis, ba ta ruwan gishiri ba ce, kuma tana cikin barazanar ƙarewa.