Ba duk mai kwana a waje ne almajiri ba

An daɗe ana cewa a Maraɗi babu marar muhalli, wai duk wanda aka gani kwance a tasha ko ƙarƙashin rumfar kasuwa almajiri ne ko mai taɓin hankali. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana cutar da bayin Allah.

A duba daminar 2024. Ruwa ya rusa ɗimbin gidajen laka a jihar Maraɗi, magidanta da iyalansu suka koma azuzuwan makaranta, tabarma da tukunya kawai a hannu. Tun 2019 kuma dubban mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suke tsallakowa yankin Gidan Rumji saboda 'yan bindiga. Ƙauyawa ne suka fara buɗe musu zaure da rumbu kafin ƙungiyoyin agaji su iso. Ga bazawarar da kuɗin haya ya fi ƙarfinta, ga ɗan ci-rani da guzuri ya yanke masa.

Illar kuskuren ita ce sadakarmu ta tsaya ga kwanon tuwo. Tuwo na kashe yunwa, amma sanyin hunturu yana nan. Alhali aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa matalauta da matafiyin da ya yanke cikin masu cin zakka, kuma Ahlus Suffa, wato matalautan sahabbai marasa muhalli, a masallacin Annabi (SAW) suke kwana. Kwamitin masallacin unguwa na iya haɗa zakkar attajirai ya biya wa iyali hayar ɗaki, ko ya tara matasa aikin gayya a tayar da bangon da ya faɗi kafin damina.