Me ake nufi idan aka ce filin jirgin sama "marar kabon" ne?

A shekarar 2018 aka ba filin jirgin Farnborough, wanda ke kudu maso yammacin Landan, shaidar cewa ya zama "marar kabon". Shi ne na farko a duniya da ya samu wannan shaida a cikin filayen da ke hidimar jiragen alfarma, wato ƙananan jiragen attajirai da shugabannin kamfanoni da masu ɗaukar shata. Duk wanda ya ji labarin a haka zai zaci jiragen da ke tashi daga can sun daina ƙona mai. Ba su daina ba. Har gobe, kowane kilo ɗaya na man jirgi da aka ƙona yana sakin kusan kilo 3.16 na iskar kabon. To, shaidar mece ce aka bayar?

Kabon ɗin da ake magana a kai ita ce iskar da ke fita duk lokacin da aka ƙona fetur ko dizal ko gawayi ko kananzir, kuma man jirgi shi kansa kananzir ne da aka tace sosai. Iskar tana taruwa a sama, ta riƙe zafin rana kamar bargo, daga nan ake samun ɗumamar yanayi. Aikin raba wuri da ita kuwa, ni na fi ganin dacewar a kira shi yaye. Ba a yaye yaro a dare ɗaya, sai an tanadi abin da zai maye gurbin nono. Haka filin jirgi: kafin a raba shi da dizal, sai an samar masa wutar da zai dogara da ita.

Filayen da ake nufi a nan ba irin waɗanda muka saba bin layin awon kaya a cikinsu ba ne. A harkar sufurin sama akwai babban rukuni da ya haɗa duk wani tashi da ba na soja ba, ba kuma na kamfanonin fasinja masu jadawali ba: makarantun koyon tuƙin jirgi, jiragen ɗaukar marasa lafiya, masu feshin gonaki irin waɗanda ake kawowa idan tsuntsayen jan-baki sun sauka a kan gero da shinkafa, sannan jiragen alfarma. Akwai filayen da kusan aikinsu ke nan, kamar Le Bourget a gefen Faris da Teterboro kusa da New York. A Abuja ma akwai ɓangaren da aka ware wa irin waɗannan jirage.

Don a gane yadda ake lissafin, a ɗauki tashar mota. Shugaban tasha yana da iko a kan janareton tasha da fitilun rumfuna da wutar da yake saya. Man da direba zai ƙona tsakanin Kano da Maiduguri kuwa, a cikin tasharsa aka ɗauki fasinjan, amma ba shi ne ke riƙe da sitiyari ba. Masu lissafin kabon haka suke rabawa. Akwai hayaƙin da filin ke fitarwa da kansa, na motocinsa da janaretocinsa. Akwai na wutar lantarkin da yake saya. Sai na ukun, hayaƙin waɗanda ke amfani da filin, kuma a nan jiragen suke. Wannan na ukun shi ne giwar, sauran biyun ko ɗan maraƙi ba su kai ba.

Tsarin ba da shaidar, wanda ƙungiyar filayen jiragen sama ta Turai ta ƙaddamar a 2009, hawa-hawa ne. Filin zai fara auna hayaƙinsa, ya nuna yana raguwa, ya jawo masu hulɗa da shi cikin aikin. Matakin "marar kabon" yana nufin ya rage abin da ke ƙarƙashin ikonsa, ragowar kuma ya biya diyyarsa, wato ya zuba kuɗi a wani aikin da ake lissafin yana rage hayaƙi a wani wuri, kamar dashen itatuwa ko raba murhu mai tsimin itace. Man da jirgi ya ƙona a sama ba ya cikin abin da aka biya wa diyya. A 2023 an ƙara mataki na biyar, mafi tsauri, wanda ke neman filin ya rage aƙalla kashi 90 cikin ɗari na hayaƙin kansa a zahiri, ba a takarda ba.

Ban raina aikin ba. Filin jirgin Cochin na Indiya ya koma dogaro da hasken rana gaba ɗaya tun 2015, ya nuna abin mai yiwuwa ne. Ana sauya fitilun titin jirgi da masu tsimin wuta, ana maye motocin jan jirgi da masu batir. Akwai kuma wani ɗan inji a wutsiyar jirgi da ake kunnawa yana ƙasa don sanyaya ɗaki da ba da wuta. Jirgin alfarma kan daɗe yana jiran maigidansa da wannan inji a kunne, yana shan mai yana cika wuri da ƙara. Idan filin ya ja masa waya ya jona shi da lantarki, an huta da wannan asarar.

Amma hayaƙin sama sai an taɓa man da kansa. Shi ya sa ake yawan ambaton man jirgi mai ɗorewa, wanda yawanci ake haɗawa daga man girki da aka gama suya da shi da kitsen dabbobi. Injin yana fitar da kabon idan ya ƙona shi, sai dai in aka lissafa tun daga tushensa, ragin kan kai kashi 80 cikin ɗari. A yanzu ba a yarda a gauraya fiye da rabi da rabi da man gargajiya ba, sabon man ya ninka na gargajiya tsada, kuma a 2024 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na man jirgin da duniya ta sha ba. Tarayyar Turai ta wajabta kashi 2 daga 2025, kashi 6 a 2030, kashi 70 a 2050. A ganina masu jiragen alfarma su ya kamata su fara ɗaukar wannan tsada. Wani bincike na ƙungiyar kare muhalli ta Transport & Environment a 2021 ya nuna fasinjan jirgin alfarma yana jawo gurɓata ninki 5 zuwa 14 na fasinjan jirgin haya. Shi ya sa da Farnborough ya nemi a ɗaga masa adadin sauka da tashi daga 50,000 zuwa 70,000 a shekara, shaidarsa ba ta hana masu zanga-zanga, har da Greta Thunberg, 'yar Sweden mai fafutukar kare muhalli, yin tattaki zuwa ƙofarsa a watan Janairun 2024 ba.

Akwai wani ɓangare na zamanantar da ƙananan filaye da ya fi damuna, ko da yake ba na kabon ba ne. Yawancin ƙananan jirage masu farfela har yanzu fetur mai dalma suke sha. Duniya ta gama raba motoci da irin wannan fetur a 2021, da Aljeriya ta ƙarar da nata, amma jiragen suna nan suna yayyafa shi a kan unguwannin da ke kewaye da filayen. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wata gunduma a Kalifoniya ta hana sayar da shi a filin Reid-Hillview daga farkon 2022, hukumar jiragen saman Amurka kuma ta sa ƙarshen 2030 a matsayin wa'adin rabuwa da shi.

Jirgi mai batir ma a ƙananan filaye zai fara zama da gindinsa. A 2020 hukumar lafiyar jiragen sama ta Turai ta ba Velis Electro, ƙirar kamfanin Pipistrel na Sulobeniya, lasisin farko na jirgi mai lantarki zalla. Kujera biyu gare shi, kuma kamar minti 50 yake yi a sama. Ba zai kai kowa Jidda ba, amma ɗalibin da ke koyon tashi da sauka yana kewaya fili ɗaya bai buƙaci fiye da haka. Irin wannan kewaye ake yi a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Abin da fili irin wannan zai tanada shi ne rufin rumfar jirage mai ɗauke da farantan sola, batir na ajiya, da wurin caji a bakin inda jirgi ke fakawa.